Bayani Kan Tangarɗar Wutar Lantarki Mai Shafar Ɓangare Ɗaya Na Layi: Abin Da Ya Kamata Jama'ar Ɗanbatta Da Kewaye Su Sani

Gabatarwa

Duk mai amfani da wutar lantarki a garin Ɗanbatta da ƙauyukan da ke kewaye da shi ya saba ganin an ɗauke wuta a gidansa alhali ta maƙwabcinsa na nan, ko kuwa ƙwan ɗakinsa ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa da ƙyar. Wani lokacin kuma a wayi gari a ji cewa talabijin da firji da cajar waya sun ƙone a gidaje da dama na unguwa guda cikin dare ɗaya. Akasarin jama'a kan ɗauki waɗannan a matsayin matsaloli daban-daban, amma a wurin ma'aikatan lantarki yawancinsu tushensu ɗaya ne, wato tangarɗar da kan auka wa waya ɗaya ko biyu daga cikin wayoyi uku da ke ɗauke da wuta, ta bar sauran. An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan al'umma game da yadda irin wannan tangarɗa ke aukuwa, da ɓarnar da take jawowa ga rayuka da dukiyoyi, da kuma matakan da suka wajaba a ɗauka.

Yadda wuta ke isowa gidajenmu

Wutar da ake sha a Jihar Kano tana fitowa ne daga tashoshin ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro, da kuma tashoshin iskar gas waɗanda akasarinsu ke kudancin ƙasar nan. Kamfanin TCN ne ke dakon ta a kan manyan layuka masu ƙarfin bolt 330,000, ta biyo ta Kaduna zuwa babbar tashar Kumbotso. Daga nan ake rage ƙarfinta mataki-mataki zuwa bolt 132,000, sannan 33,000, sannan 11,000. Rarraba ta ga jama'a kuwa aikin kamfanin KEDCO ne, wanda ke kula da jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma ya koma hannun 'yan kasuwa a watan Nuwamba na shekarar 2013 bayan an rarraba tsohon kamfanin PHCN, magajin hukumar NEPA. Taransifomar unguwa ita ce matakin ƙarshe, inda ake sauko da wutar zuwa ƙarfin da gidaje da shaguna ke iya ɗauka.

Wanda ya ɗaga kai ya dubi turakun babban layi zai ga wayoyi uku, a kan ƙananan turakun cikin unguwa kuwa zai ga huɗu. Ukun nan su ne ma'aikata ke kira fes, ana kuma bambanta su da launin ja da ɗorawa da shuɗi. Ta huɗun ita ce nutiral, wadda wuta ke bi ta koma taransifoma, kuma a gindin taransifomar an haɗa ta da ƙasa. Tsakanin kowane fes da nutiral akwai kimanin bolt 230 zuwa 240, kuma shi ne abin da gida ke samu. Tsakanin fes da fes kuwa akwai bolt 400 zuwa 415, wanda manyan injuna ke amfani da shi.

Wutar kowane fes tana hawa da sauka sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, amma ukun ba sa hawa a lokaci guda. Misalinsu kamar mata uku ne da ke lugude a turmi ɗaya: taɓarya ɗaya na sauka, ta biyu na tsakiya, ta uku na sama, kowace tana bin 'yar'uwarta da tazara iri ɗaya. Muddin ƙarfinsu ɗaya ne kuma tazarar ba ta sauya ba, daka na tafiya daidai. Haka nan idan fes uku suna ɗauke da nauyi iri ɗaya, wutar da ke komowa ta nutiral ba ta taka kara ta karya ba, domin ukun suna share juna. Wannan shi ne daidaiton da aka gina tsarin a kansa.

Ire-iren tangarɗa

Tangarɗa na aukuwa ne idan wuta ta sami wata hanya ta bi wadda ba tata ba, ko kuma hanyarta ta yanke. Masana sun kasa ta gida biyu. Akwai ta bai-ɗaya, inda fes ukun ke haɗuwa gaba ɗaya. Galibi ita ta fi jan wuta mai yawa, amma ba kasafai take faruwa ba, kuma da yake ta shafi ukun daidai wa daida, lissafinta ya fi sauƙi. Sai kuma ta ɓangare, wadda ke shafar fes ɗaya ko biyu, ta rushe daidaiton da aka ambata a sama. Ita ce aka fi fama da ita, kuma ta kasu kamar haka:

Na ɗaya, fes guda ya haɗu da ƙasa. Wannan kan faru idan waya ta tsinke ta faɗo, ko reshen itace ya kwanta a kanta, ko tangaran ɗin da ke riƙe da ita a kan turke ya tsage. Littattafan koyar da aikin lantarki sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na tangarɗar layukan sama daga wannan nau'in ne.

Na biyu, fes biyu su haɗu da juna ba tare da sun taɓa ƙasa ba, kamar idan iska ta kaɗa wayoyin da suka saki suka gogi juna, ko babban tsuntsu ko jemage ya haɗa su. Wannan kan kai kimanin kashi 15 cikin 100.

Na uku, fes biyu su haɗu da juna kuma su haɗu da ƙasa, kamar idan itace ya faɗo a kan layi ko turke ya karye. Shi kuma kimanin kashi 10 cikin 100 ne. Ragowar ƙalilan ɗin su ne na tangarɗar bai-ɗaya.

Baya ga waɗannan akwai yankewar fes ɗaya ko yankewar nutiral ba tare da sun taɓa komai ba, misali idan fis ya ƙone ko mahaɗar waya ta kwance. A nan wuta ba ta yi tsalle zuwa wani wuri ba, amma daidaito ya rushe, kuma ɓarnar da ke biyo baya ba ƙarama ba ce.

Yadda injiniyoyi ke gane ta

Lissafin wutar da ba ta daidaita ba ya daɗe yana ba injiniyoyi wahala, har zuwa shekarar 1918 lokacin da wani injiniya haifaffen Kanada mai suna Charles Fortescue, wanda ke aiki da kamfanin Westinghouse a Amurka, ya gabatar da hanyar da ake bi har yau. Ya nuna cewa duk yadda wutar fes uku ta hargitse, ana iya rarraba ta zuwa kashi uku masu tsari. Kashi na farko yana juyawa gaba kamar yadda lafiyayyar wuta ke yi. Na biyu yana juyawa baya. Na uku kuwa, wanda ake kira kashin sifiri, ukun ne ke hawa da sauka a lokaci guda, kamar a ce matan nan uku sun saki taɓarensu tare.

Amfanin wannan rabo shi ne, idan layi na lafiya kashi na farko kaɗai ake samu. Idan fes biyu suka haɗu da juna, kashi mai juyawa baya zai bayyana amma babu na sifiri. Idan kuwa wuta ta sami hanyar shiga ƙasa, to kashin sifiri zai bayyana. Da wannan ne na'urorin tsaro da ke tashoshi, waɗanda ake kira rilai, ke gane irin tangarɗar da ta auku, su umarci bireka ta katse layin cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ko ɗan abin da ya fi haka. Saboda haka ba kowace ɗaukewar wuta ce rowa ko rabo ba. Sau da yawa na'ura ce ta yi aikin da aka sa ta, domin da ba ta katse ba, da taransifoma ta ƙone ko an rasa rai.

Da yawa daga cikin tangarɗar layukan sama masu wucewa ne, wato reshe ya taɓa waya ya koma, ko tsawa ta faɗa ta wuce. Shi ya sa akan sake gwada mayar da wuta bayan ɗan lokaci. Idan ta zauna, shi ke nan. Idan ta sake faɗuwa, an tabbatar matsalar na nan, sai ma'aikata su bi layin turke bayan turke, suna raba shi gunduwa-gunduwa har su gano wurin. A layukan karkara masu tsawo, waɗanda ke ratsa gonaki da fadamu, wannan bincike kan ɗauki sa'o'i ko kwanaki. Ko manyan layuka ba su tsira ba: a watan Oktoba na shekarar 2024, tsinkewar waya a layin bolt 330,000 na Ugwuaji zuwa Apir, a daidai lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ke kwance saboda ɓarnar da aka yi masa, ta jefa Kano da yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

Abubuwan da ke haddasa ta a yankinmu

A farkon damina, iska mai ƙarfi da ke zuwa gabanin ruwa ita ce kan gaba wajen karya turaku, da yaye rufin kwano ta jefa a kan layi, da kayar da rassan darbejiya da mangwaro. Ƙasar Ɗanbatta ƙasa ce ta noma mai yawan jama'a, gari kusa da gari, gona manne da gona, kuma kowace gona da itatuwanta, don haka da wuya layi ya yi nisa bai ratsa kusa da itace ko gini ba. A lokacin hunturu kuma ƙura kan taru a jikin tangaran, idan raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta sai ta zama hanyar da wuta ke bi ta sauka jikin turke. Da bazara, zafin rana da yawan nauyin da ake ɗora wa layi kan sa waya ta miƙe ta yi ƙasa-ƙasa.

Akwai kuma waɗanda hannun mutum ke jawowa: manyan motocin da ake yi wa lodin kara ko harawa ko buhuna fiye da kima, musamman ranar kasuwa, sassabe da ƙona gona a gindin turakun katako, sare rassa domin dabbobi a kusa da layi, gini a ƙarƙashin waya, satar wayar nutiral da wayar ƙasa ta gindin taransifoma, sai kuma al'adar nan ta hawa turke a sauya fes da zarar na gida ya ɗauke. Wannan al'ada ta ƙarshe tana tara gidajen unguwa a kan fes ɗaya, nauyi ya yi masa yawa, fis ya ƙone, wani ya zo ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa, daga nan kuma sai taransifomar kanta ta tafi, unguwa ta shafe watanni cikin duhu.

Abin da ke faruwa a gida da wurin sana'a

Idan fis ɗaya ya ƙone a ɓangaren da wuta ke fita daga taransifoma, gidajen da ke kan wannan fes ne kawai za su rasa wuta. Idan kuwa a ɓangaren da babban layi ke shiga ne, to fes ɗaya zai ci gaba da samun cikakkiyar wuta, sauran biyun kuma su raba abin da ya rage, kowane ya sami kusan rabi. Wannan shi ne ƙwai mai ja da fanka marar ƙarfi. Barin firji ko famfo a kunne cikin wannan hali yana ƙona su, domin injinsu na jan wuta yana zafi amma ya kasa tashi.

Mafi haɗari ga kayan gida shi ne yankewar nutiral. Idan ta yanke, gidajen da ke kan fes daban-daban sukan koma suna raba bolt 400 a tsakaninsu, kuma rabon ba daidai yake ba: wanda ya kunna kaya kaɗan shi ke kwasar kaso mafi girma. A misali, idan gida ɗaya ya kunna dutsen guga mai wat 1,000, ɗayan kuma kayan da ya kunna ba su wuce wat 100 ba, na biyun zai iya samun fiye da bolt 360, na farkon kuwa bai kai 40 ba. Alamar wannan ita ce ƙwai ya yi haske fiye da kima a wani gida, ya dushe a wani, hasken kuma yana hawa da sauka duk lokacin da wani ya kunna ko ya kashe wani abu.

Masu injin niƙa da na casar shinkafa da masu rijiyar burtsatse da ke aiki da fes uku su ne suka fi asara. Kashin nan mai juyawa baya yana ja da injin ta kishiyar inda yake juyawa, kuma ƙarfin da aka ɓata a wannan ja-in-ja zafi yake zama. Ƙa'idar da masu ƙera injuna ke bi ta nuna cewa bambancin kashi 3.5 cikin 100 kacal a tsakanin fes uku na iya ƙara zafin koyil da kusan kashi 25 cikin 100. Idan fes ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya alhali inji na aiki, zai ci gaba da juyawa yana gurnani, sauran biyun suna ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsu har koyil ya ƙone. Idan a tsaye yake kuwa, ba zai tashi ba sam. Na'urar da ke katse inji da zarar fes ya ɗauke ana samun ta a shagunan kayan lantarki, kuma kuɗinta bai kai na sake naɗa koyil ba.

Haɗarin waya da ta faɗo

Babban abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, faɗuwar waya ƙasa ba ya nufin ta mutu. Na'urar tsaro tana katse layi ne idan ta ji wuta mai yawa tana zuba ƙasa. Busasshen rairayi irin na yankinmu, musamman da rani, ba ya barin wuta ta wuce da yawa, saboda haka waya na iya kwanciya a kansa da cikakken ƙarfinta, ba tartsatsi ba ƙara, na'urar kuma ba ta ji komai ba. Ko da an katse, ana iya sake gwada layin a kowane lokaci, haka kuma janareta ko na'urar sola da aka haɗa da wayar gida ba tare da makunnin sauya layi ba na iya mayar da wuta kan wayar da ake zaton ta mutu.

Bugu da ƙari, ba sai an taɓa wayar ba. Wutar da ke shiga ƙasa tana bazuwa a kewaye, ƙarfinta na raguwa gwargwadon nisa, ta yadda tsakanin ƙafar mutum ta gaba da ta baya za a iya samun bambancin da zai sa wuta ta ratsa jikinsa. Shanu da jakuna sun fi shiga wannan haɗari saboda nisan da ke tsakanin ƙafafunsu, abin da ya kamata makiyaya da masu kai dabbobi kasuwar Ɗanbatta su kiyaye.

Idan kuma wayar babban layi ta faɗo a kan ta ƙaramin layi, dubban bolt ne ke shiga gidaje kai tsaye. Haka ta faru a unguwar Gwargwaje da ke Zariya a farkon shekarar 2023, inda mutane da dama suka rasa rayukansu, kaya kuma suka ƙone. A watan Afrilu na shekarar 2017 ma wayar babban layi ta faɗo a kan rufin wani gidan kallon ƙwallo a birnin Kalaba, aƙalla mutum bakwai suka mutu. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idojin aikin lantarki na ƙasa suka ware filin da ba a gini a cikinsa: mita 50 ga layin bolt 330,000, mita 30 ga na 132,000, da mita 11 ga na 33,000 da na 11,000, rabi a kowane gefe na layin.

Matakan da ake buƙatar jama'a su ɗauka

Idan aka ga waya a ƙasa, a tsaya nesa da ita da aƙalla mita 10, a hana yara da dabbobi zuwa wurin, a sanar da ofishin KEDCO mafi kusa da kuma mai unguwa ko dagaci. Wanda ya tsinci kansa kusa da ita ya janye yana jan ƙafafunsa a haɗe, kada ya yi dogon taku. Idan a kan mota ta faɗo, waɗanda ke ciki su zauna har a tabbatar an katse wuta. In gobara ta tilasta fita, a yi tsalle da ƙafa biyu a haɗe ba tare da an taɓa mota da ƙasa a lokaci guda ba.

Idan wuta ta kama mutum a cikin gida, a fara kashe babban makunni. In hakan bai yiwu ba, a ture shi da busasshiyar sanda, kada a taɓa shi da hannu. Idan babban layi ne, kada a kusance shi ko da da sanda, sai an katse wuta. Bayan an cire shi a gaggauta kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin illar kan shafi bugun zuciya da naman cikin jiki. Ba shi madara ko rufe shi da yashi, kamar yadda wasu ke yi, ɓata lokaci ne kawai.

Idan hasken ƙwai ya sauya ba dalili, ko an ji ƙauri, ko ƙarfen ƙofa ko kan famfo yana jan mutum, a kashe babban makunni nan take. A tabbatar kowane gida na da wayar ƙasa mai kyau, a kuma sa na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zuba ƙasa. Aikin wayar gida a ba ƙwararren ma'aikaci, aikin turke da taransifoma kuwa na ma'aikatan kamfani ne kaɗai. Dokar Lantarki ta shekarar 2023 ta tanadi hukunci ga masu satar wuta da masu lalata kayan layi.

Haka kuma yana da kyau jama'a su san haƙƙinsu. Bisa tsarin da hukumar NERC ta shimfiɗa, gyara ko sauya taransifoma da turaku da wayoyin layi nauyi ne na kamfanin rarraba wuta. Wanda ke da ƙorafi ya fara kai shi a rubuce ga kamfanin, ya riƙe shaidar karɓa, idan bai gamsu ba ya ɗaukaka shi zuwa zauren sauraron ƙorafin masu amfani da wuta.

Kammalawa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Wayar da ta saki, da turken da ya karkata, da tangaran da ya tsage, da reshen da ya kusa taɓa layi, duk ana ganinsu tun kafin iskar damina ta zo. Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da malaman makarantu da ƙungiyoyin matasa na Ɗanbatta da maƙwabtanta irin su Makoɗa da Minjibir, da su riƙa zagayawa suna duba layukan da ke yankunansu, su kai rahoto a kan lokaci, su kuma isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami damar karanta shi ba. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, amin.